Yaƙin Bama, faɗuwar Singafo, da sakacin da bikin 'yan mazan jiya bai hana ba

A Kaduna akwai barikin Dalet da barikin Kalapanzin, a Zariya akwai barikin Chindit. A Legas akwai Dodan da Myohaung da Arakan da Tamandu, a Ibadan akwai Letmauk, babban sansanin sojan Ghana da ke Akara kuwa sunan Bama aka sa masa kai tsaye. Mutum sai ya shekara talatin ana sauke shi a ƙofar ɗaya daga cikin barikokin nan bai taɓa tambayar daga ina sunan ya fito ba. In ban da Chindit, wanda sunan runduna ne, sauran sunayen wurare ne a ƙasar Bama, wadda yau ake kira Myanmar, inda samari daga ƙasashenmu suka gwabza da sojojin Japan a 1944 da 1945. Tsofaffi kan ce yaƙin Bama, wasu su ce yaƙin Hitila, ko da yake waɗanda aka kai can ba Jamusawa suka tarar ba.

To me ya kai ɗan Katsina ko ɗan Bauci ko ɗan Gwoza dajin da ke bayan Indiya? Amsar a taƙaice ita ce sakacin Birtaniya. Abin da ya sa labarin ya cancanci a tsaya a kansa shi ne lokacin da aka yi sakacin: an yi shi ne a cikin shekaru ashirin ɗin da Birtaniya ta fi kowane zamani kuka da juyayin sojojinta da suka mutu. Galibi ana ɗauka cewa ƙasar da ke tuna matattunta na yaƙi ba za a shammace ta ba. Tarihin Birtaniya tsakanin 1919 da 1942 bai goyi bayan wannan zato ba.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsaya ranar 11 ga Nuwamba 1918, da ƙarfe 11 na safe. Birtaniya ita kaɗai ta rasa sojoji fiye da 700,000, ban da na ƙasashen da take mulka. A rana ɗaya tak, 1 ga Yuli 1916, a bakin kogin Somme na Faransa, an kashe mata mutum 19,240. Da wuya ka sami ƙauyen da babu gidan makoki. Saboda haka da shekara ta zagayo, Sarki George na Biyar ya nemi kowa ya yi tsit na minti biyu, aka tsayar da jiragen ƙasa da motoci da injinan masana'antu. A 1920 aka buɗe hasumiyar tunawa da ke titin Whitehall a Landan, a ranar kuma aka binne gawar wani soja da ba a san ko wane ne ba a majami'ar Westminster, inda aka binne sarakuna da dama. A 1921 aka kafa ƙungiyar tsofaffin sojoji, aka fara sayar da jan furen nan da ake maƙalawa a ƙirji. Garuruwa manya da ƙanana suka kafa duwatsu, aka sassaƙa sunayen 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya. Ba riya ba ce, mutanen nan da gaske suke kuka.

A watan Agusta na 1919 ɗin nan, wata uku kafin tsit ɗin farko, majalisar ministoci ta ba rundunonin soja umarni: su tsara kasafinsu bisa cewa ƙasar ba za ta shiga wani babban yaƙi ba nan da shekara goma. Umarnin yana da hujja. Bashin yaƙi ya yi wa gwamnati katutu, rashin aikin yi ya yawaita, Jamus tana kwance, kuma ba uwar da ke son ta sake jin maganar igwa. Inda aka kuskure shi ne a 1928, lokacin da ministan kuɗi ya sa aka mai da umarnin mai sabunta kansa, wato kowace safiya shekara goman ta fara sabon lissafi. Ministan kuɗin nan Winston Churchill ne, mutumin da duniya ta fi sani da gargaɗi kan Hitila. Ba a soke umarnin ba sai a 1932, bayan Japan ta mamaye yankin Manchuria na ƙasar Sin a 1931. Ko bayan sokewar ma kuɗi bai fito nan take ba.

A nan ne nake ganin tunawar da sakacin suka haɗu, domin daga tushe ɗaya suka fito. Abin da jama'a suka riƙe daga yaƙin farko shi ne zafinsa, sai "kada a kuma" ta zama kamar addu'a. Ɗan siyasar da ya tashi ya ce a ƙera jiragen yaƙi, sai a dube shi a matsayin wanda bai ji tausayin matattu ba. An tuna cewa an mutu, an kuma tuna cewa a ƙarshe an yi nasara. Waɗannan biyun suka haifi wani irin kwanciyar hankali: mun biya farashi, mun gama, kuma mu ba a cin mu da yaƙi.

Singafo ita ce inda wannan lissafi ya fashe. Tsibiri ne a ƙarshen zirin Malaya, ƙasar da ke ba Birtaniya roba da kuza. A farkon shekarun 1920 aka yanke shawarar gina babban sansanin sojan ruwa a can, don tsare Malaya da Indiya da Ostireliya daga Japan. Gwamnatin Ramsay MacDonald ta dakatar da aikin a 1924, aka dawo da shi, aka sake jan ƙafa, ba a buɗe shi ba sai Fabrairun 1938. An yi katafaren wurin gyaran jirage, an yi rumbunan mai, an girke manyan igwogi a bakin teku. Jaridu suka riƙa kiran wurin ganuwar da ba ta faɗuwa. Abu ɗaya ne babu: jiragen ruwan da za su zauna a ciki. Dabarar ita ce in Japan ta taso, sai a turo rundunar ruwa daga Turai, Singafo kuma ta daure har su iso. An ce ta daure kwana 70, daga baya aka ce 90, a Satumbar 1939 aka ce 180. Duk wanda ya ga wa'adin taimako yana ta tsawo haka ya san taimakon ba ya nan. Dabarar tana aiki ne kawai idan Turai lafiya lau take, alhali ba wanda zai kawo hari sai ranar da ya ga Turai ta kama da wuta.

Ba kuma rashin gargaɗi ba ne. A 1937 kwamandan sojojin Malaya, Manjo Janar William Dobbie, ya gwada ya gano cewa ana iya sauke sojoji a gaɓar gabashin Malaya a tsakiyar damina, lokacin da kowa ke cewa igiyar ruwa ba za ta bari ba. Babban jami'in da ke ƙarƙashinsa ya rubuta rahoto, ya ambaci wuraren da Japan za ta iya sauka: Singora da Patani a kudancin Tailan, da Kota Bharu a arewacin Malaya, daga nan su gangaro ta ƙasa su shigo wa Singafo ta baya. Sunan jami'in Arthur Percival. Bayan shekara huɗu, ranar 8 ga Disamba 1941, sojojin Japan suka sauka a waɗannan wurare uku, kwamandan da ke tsaron Malaya a ranar kuwa shi ne Percival ɗin.

Abin da ya tarar a hannunsa bai kai abin da rahotanni suka nema ba. Hafsoshin Landan da kansu sun amince ana bukatar jiragen sama 336, amma waɗanda ke akwai ba su kai rabin haka ba, yawancinsu kuma tsofaffin yayi. Tankar yaƙi ko ɗaya babu, saboda an daɗe da yarda cewa tanka ba ta tafiya a kurmi. Japan ta zo da tankokinta suka bi kwaltar da Turawa suka shimfiɗa don kwasar roba, dakarunta kuma suka bi bayansu a kan kekuna. Akwai kuma raini. Da yawa daga cikin jami'an Birtaniya sun ɗauka Bajapane ba ya gani sosai, ba ya iya tuƙa jirgi da dare, ba ya iya karawa da Bature. A daren farko da jiragen Japan suka jefa wa Singafo bama-bamai, fitilun titunan birnin a kunne suke.

Ranar 10 ga Disamba jiragen saman Japan suka nutsar da manyan jiragen ruwa biyu da aka turo a madadin rundunar da aka yi alkawari, Prince of Wales da Repulse, mutum kimanin 840 suka mutu. Ba su da rakiyar jiragen sama. Daga nan sai ja da baya, gada bayan gada, har 31 ga Janairu 1942 da aka tsallaka cikin tsibirin aka fasa hanyar da ta haɗa shi da Malaya.

An daɗe ana cewa igwogin Singafo teku suke kallo, ba sa juyawa. Ba haka ba ne. Yawancinsu suna juyawa, sun ma yi harbi ta ƙasa, sai dai harsasan da aka tanadar musu na huda ƙarfen jirgin ruwa ne, ba na tarwatsa dakaru a cikin daji ba. Gaskiyar ta fi tatsuniyar muni, domin tana nuna an shekara goma sha ana shirin yaƙin da ake so a yi, an bar wanda aka ce zai zo. Gaɓar arewacin tsibirin kuwa babu ramuka, babu shinge. Babban injiniyan soja, Birgediya Ivan Simson, ya roƙi Percival a ƙarshen Disamba a fara gina su, aka ce masa gina kariya zai karya wa sojoji da farar hula gwiwa. Churchill, wanda yanzu shi ne firayim minista, bai san arewacin tsibirin a buɗe yake ba sai a tsakiyar Janairu. Daga baya ya amsa da kansa cewa ya kamata a ce ya sani, ya kamata a ce an gaya masa, ya kuma kamata a ce ya tambaya. Hausawa sun riga sun yanke hukunci a kan irin wannan: ba a fafe gora ranar tafiya.

Percival ya miƙa wuya ga Janar Yamashita na Japan ranar 15 ga Fabrairu 1942, kwana 70 da fara yaƙin. Sojoji kimanin 80,000 aka kama a tsibirin, sun ninka waɗanda suka kama su, ga shi kuma harsashin Yamashita ya kusa ƙarewa. Churchill ya ce ba a taɓa yin miƙa wuya mai girman wannan ba a tarihin Birtaniya. Ya ce ba za a yi bincike ana tsakiyar yaƙi ba. Da aka gama yaƙin ma ba a yi ba.

Adalci ne a ce a 1941 hannun Birtaniya a cike yake: tana yaƙi a Masar da Libiya, tana aika wa Rasha tankoki da jirage, jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suna nutsar mata da abinci. A lokacin zaɓi ya riga ya ƙuntata. Laifin yana can baya, a shekarun da ake da lokaci, da kuma ci gaba da gaya wa Ostireliya da mutanen Malaya cewa ganuwa tana nan daram bayan masu faɗar sun san ba haka ba ne.

Su wa suka biya? Mafi yawan sojojin da suka yi yaƙin Malaya Indiyawa ne, sai 'yan Birtaniya da Ostireliya da Malayawa. Sojojin Japan sun karkashe dubban 'yan asalin Sin mazauna Singafo a makonnin farko. Fursunonin yaƙi kimanin 12,000 sun mutu wajen shimfiɗa layin dogo tsakanin Tailan da Bama, leburori 'yan Asiya da suka mutu a aikin kuma sun ninka haka sau da dama. Ranar 8 ga Maris 1942 Rangun, babban birnin Bama a lokacin, ya faɗi, sojojin Birtaniya suka ja da baya har iyakar Indiya. Sai ga daula tana neman mutanen da za su ƙwato mata abin da ta yi sakaci da shi, ga nata samarin suna Turai da hamadar Afirka ta Arewa.

Nan ne aka waiwayo Afirka ta Yamma. Sojojin Najeriya sun riga sun nuna kansu a gabashin Afirka: birged ɗinsu ce ta shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, ta kori sojojin Italiya har Harar ta ƙasar Habasha. Janar George Giffard, wanda ya daɗe yana shugabantar sojojin mulkin mallaka a Afirka, ya kawo shawarar a kai su Bama. Aka kafa runduna ta 81 da ta 82 a 1943, daga Najeriya da Gwalkwas, wato Ghana ta yau, da Saliyo da Gambiya. Jimillar 'yan Afirka ta Yamma da aka kai ta kai kimanin 90,000, fiye da rabi 'yan Najeriya. Hujjar da aka kafa ita ce baƙin mutum ya saba da kurmi kuma yana ɗaukar kaya a ka. Rabin farko na hujjar wani rainin ne daban, don yaron da ya tashi a Daura ko Azare bai taɓa ganin dajin da rana ba ta ratsa shi ba, kamar yadda Baturen da ke ba shi oda bai taɓa gani ba. Wasu sun shiga da ƙafarsu, don albashi ko kaki ko koyon tuƙi. Wasu kuwa ta hannun hakimai da dagatai aka kawo su, bayan an ce kowace gunduma ta kawo kaza. Hausa ce harshen bariki a rundunar Najeriya tun kafin yaƙin, Turawan hafsoshi ma sai sun koye ta, labarin fagen daga kuma yana isowa gida ta jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939.

Tambarin runduna ta 81 baƙin gizo-gizo ne, wato Ananse na tatsuniyoyin Ashanti, ɗan'uwan Gizon namu. Na ta 82 kuwa mashi biyu ne a gicciye a kan gammo, kuma gammon nan ba ado ba ne. A kowace runduna akwai dubban sojoji 'yan dako, da yawansu ba bindiga sai adda, su ke ɗaukar harsashi da abinci da sassan igwa da majinyata a ka, su hau tsaunukan da ko alfadari ba ya hawa. Da su ne runduna ta 81 ta iya shiga kwarin Kaladan a yankin Arakan, jihar Rakhine ta yau, ƙasar Musulmin Rohingya da muke ji a labarai. Da adda da diga da shebur suka sare hanyar mota mai tsawon kimanin kilomita 120 a cikin duwatsu. Abincinsu daga sama ake jefo musu shi da lema, kuma su ne babbar runduna ta farko da ta rayu wata da watanni a kan abin da jirgi ya jefo kaɗai. A Maris 1944 Japan ta kai musu farmaki ta tura su baya. Suka sake shigowa bayan damina, a Janairun 1945 su da runduna ta 82 suka kama Myohaung, tsohon birnin sarakunan Arakan. Ta 82 ta ci gaba da gangarawa ta Dalet da Tamandu da Letmauk. Bataliyoyi uku na Najeriya kuma an ware su aka haɗa da dakarun Chindit na Janar Orde Wingate, aka sauke su da jirage a bayan layin abokan gaba a 1944. Zazzaɓin cizon sauro da atini da matsattsaku sun yi musu ɓarnar da ta yi gogayya da ta harsashi.

Turawan da suka yi yaƙin Bama suna kiran kansu rundunar da aka manta, domin hankalin Landan yana kan Turai. In su an manta da su, to ina ga 'yan dako? A maƙabartar Taukkyan da ke kusa da Rangun akwai ginshiƙai ɗauke da sunayen mutum kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba, a cikinsu akwai na 'yan Afirka ta Yamma. Waɗannan ma sun yi sa'a a kan iyayensu na yaƙin farko. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 116,000, wataƙila har 350,000, akasarinsu 'yan Afirka da Misirawa, ba a rubuta sunayensu ko'ina ba, kuma wariyar launin fata ce sanadi. Ministan tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya ba da haƙuri a majalisa. Wato a shekarun da ake sassaƙa sunan kowane ɗan ƙauyen Ingila a dutse, an zauna an yanke cewa na wasu ba sai an rubuta ba.

Waɗanda suka dawo a 1946 sun tarar da kuɗin sallama ma launi gare shi. Takardun da 'yan jarida suka tono a 2019 sun nuna farabiti Bature yana samun sule 10 a kan kowane watan da ya yi yana aiki, baƙar fata mai muƙami ɗaya da shi sule uku da sisi. Wasu sun sami aikin masinja ko ɗan doka ko gadi ko direba, da yawa suka koma gona. A Akara, ranar 28 ga Fabrairu 1948, tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano zuwa fadar gwamna da takardar koke kan haƙƙoƙinsu, wani Baturen ɗan sanda ya buɗe musu wuta ya kashe uku: Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya ita ta gaggauta tafiyar da ta kai Ghana ga 'yanci a 1957. Gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauka mutanen da suka ga an ci Bature da yaƙi a Asiya za su dawo su ci gaba da cire hula kamar da. Wannan ma sakankancewa ce.

Najeriya ta gaji bikin 11 ga Nuwamba daga Turawa, daga baya ta mayar da shi 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, lokacin da Philip Effiong ya miƙa wuyan Biyafara ga Janar Yakubu Gowon a barikin Dodan. Ranar tana da nauyi biyu, don a 15 ga Janairun 1966 ne aka kashe Sardauna, aka ɗauke Tafawa Ɓalewa aka kashe, tare da Akintola da hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad. Kowace shekara ana ƙaddamar da tambarin 'yan mazan jiya, a yi addu'a a masallacin Juma'a da coci, shugaban ƙasa da gwamnoni su ajiye furanni, a harba bindiga, a saki fararen tattabaru. Ban ga laifin ko ɗaya daga ciki ba. Matar da mijinta bai dawo ba tana da haƙƙin ta ga ƙasa ta tsaya dominsa ko da na rana ɗaya ne. Sai dai ƙasar da ke wannan biki ita ce ta cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare tun daga zangon 2009/2010, ba a ƙaddamar da dawo da shi gadan-gadan ba sai a 2022. Yaran da suka yi makaranta a tsakanin nan suna ganin tattabaru a talabijin, ba a taɓa zaunar da su an gaya musu yadda juyin mulki da kashe-kashen 1966 suka zama yaƙin wata 30 da yunwarsa ta cinye fararen hula masu ɗimbin yawa ba.

Namu Singafon kuma ba a nesa yake ba. Sojan Najeriya ya fito daga Laberiya da Saliyo a shekarun 1990 da sunan wanda ke kashe wutar maƙwabta, muka saba da jin cewa mu ne giwar Afirka. A Yulin 2009 aka murƙushe tayar da ƙayar bayan Boko Haram a Maiduguri cikin 'yan kwanaki, aka kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda, hukuma ta ɗauka magana ta ƙare. A Satumbar 2010 suka fasa gidan yarin Bauci suka saki fursunoni fiye da 700. A 2011 suka kai bam hedikwatar 'yan sanda da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a Abuja. Ranar 20 ga Janairu 2012 suka kashe mutum kimanin 185 a Kano. Zuwa 2014 sun kafa tuta a Gwoza, sun kama Mubi, a Janairun 2015 suka ci sansanin Baga. A cikin wannan shekara ta 2014 sojoji a barikin Maimalari suka harbi motar kwamandansu bayan an kawo gawawwakin 'yan'uwansu, kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa, a Disamba ta yanke wa wasu 54 saboda ƙin fita yaƙi. Abin da suka riƙa faɗa shi ne ba a ba su makaman da za su tunkari abokan gaba ba. Daga baya aka sassauta hukuncin zuwa ɗaurin shekara goma, a daidai lokacin da ake tuhumar tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Sambo Dasuki, da karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai, tuhumar da ya musanta.

Gwamnati ta canza, halin bai canza ba. A Disambar 2015 Shugaba Buhari ya shaida wa BBC cewa kusan a iya cewa an riga an ci Boko Haram da yaƙi. Gaskiya ne an ƙwato garuruwa da dama a shekarar, amma maganar ta zauna a bakin hukuma kamar yadda "ganuwar da ba ta faɗuwa" ta zauna a bakin jaridun Landan, kuma duk wanda ya furta irin wannan magana sai ya koma yana kare ta maimakon ya kare sansani. A Nuwambar 2016 aka kashe Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali a Malam Fatori, jami'in da ya yi suna wajen ƙwato Baga. A Nuwambar 2018 aka afka wa sansanin Metele. Rundunar soja ta ce mutum 23 ta rasa, kafofin labarai suka ba da adadin da ya ninka haka, har yau kuma lissafin biyu bai haɗu ba. A Nuwambar 2021 aka kashe Birgediya Janar Dzarma Zirkusu a Askira Uba. Maƙwabta ma sun sha nasu: Nijar ta rasa sojoji 71 a Inates a Disambar 2019 da 89 a Chinagodrar wata guda bayan nan, Cadi ta rasa kusan 100 a Bohoma a Maris 2020.

Tambayoyin da irin waɗannan ranaku ke bari ba su da daɗin ji a wurin biki. Wa ya rubuta rahoton gargaɗi, a teburin wa ya kwana? Nawa aka ware, me aka saya, ya isa hannun wanda ke cikin rami? Me ya sa aka bar ƙaramin sansani a wurin da taimako ba ya isa sai bayan an gama? Majalisar dokoki tana da kwamitocin tsaro da ikon kiran kowa ta tambaye shi, kuma ana iya yin haka ba tare da an tona asirin dabarun yaƙi ba. Abin da aka fi yi shi ne a ce tambayar tana karya wa sojoji gwiwa, amsar da aka ba Simson ke nan a Disambar 1941.

Sai kuma batun masu rai. Ba sau ɗaya ba tsofaffin sojoji suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar ma'aikatar kuɗi ta tarayya a Abuja suna neman haƙƙoƙinsu na ritaya, wani lokaci ma a cikin watan Janairun da ake bikinsu. Matan waɗanda suka mutu a Arewa maso Gabas suna ta kai kukan jinkirin biyan haƙƙin mazajensu. Wannan ba batun tausayi kaɗai ba ne, batun tsaro ne, domin kurtun da ke samun horo yau yana da waya a aljihu, yana ganin hotunan nan, kuma da su yake auna abin da zai sami iyalinsa idan aka tura shi bakin Tafkin Cadi bai dawo ba.